Yadda Zaka Gyara Saitinka Ka Daina Shan Harsashi a Gem ɗin Yaƙin Manyan Robot

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ɗaya ake ta maimaita min akan gem ɗin nan na manyan robot, wai mutum yana ta harbi amma jinin abokin gaba baya raguwa, shi kuma kafin ya ankara an tarwatsa shi. Toh yau dai bari mu zauna mu warware abin daki-daki. Ko War Robots kake bugawa a waya, ko Mech Arena, ko MechWarrior Online a kwamfuta, ko Armored Core VI, tushen ɗaya ne: robot ƙarfe ne mai nauyi, baya juyawa da sauri, baya tsayawa da sauri, saboda haka in ka bari sai harsashi ya taso sannan zaka fara tunanin kaucewa to ka makara. Saiti da kaucewa duk a wajen da ka tsaya da lokacin da ka fito ake gama su. Ka bi matakan nan a jere, kar ka tsallake na farkon dan kana ganin ƙananan abubuwa ne.

1. Fara da na'urarka

Kafin ka zargi hannunka ka duba wayarka ko kwamfutarka. Abu biyu ne: santsin hoto da kuma netwok. Shiga setin ka sauke kyan hoto, inuwa, hayaƙi, ƙyalli, duk ka rage su, ka nemi hoto ya riƙa tafiya firem 60 a sakan ba tare da yana tsinkewa ba. Hoto mai kyau da yake karkarwa lokacin da robot shida suka haɗu waje ɗaya bashi da amfani gare ka, a daidai wannan lokacin ne kake buƙatar ganin komai sarai.

Sai fing, wato lambar nan da ke nuna tsawon lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba, wato babbar kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, ya dawo. In tana ƙasa da 100 zaka ji gem ɗin yana bin hannunka, in ta haura 200 zaka fara ganin robot yana nan sai ya ɓace ya bayyana can, kuma ka shige bayan bango amma har yanzu ana cin jininka. Ka zaɓi sabar da ta fi kusa da kai in gem ɗin ya baka zaɓi, ka rufe duk abin da ke saukewa a bayan fage, a kwamfuta kuma kebul ɗin intanet ya fi wayfay tsayuwa.

Gargaɗi: waya in ta yi zafi da kanta take rage ƙarfinta, shi yasa wasan farko yake tafiya lafiya na huɗu ya fara sarƙewa. Cire mata riga, kuma kar ka buga tana caji in zai yiwu.

2. Saurin juyawar saiti

Nan ne mafi yawan mutane suke cutar kansu. Suna ɗaga sensitibiti sama wai dan su juya da sauri, alhali ƙirjin robot ɗin yana da iyakar gudun da zai juya ko da yatsanka ya yi gudun walƙiya. Abin da kake samu kawai shine saiti mai rawa, ya wuce abokin gaba ta dama, ka dawo dashi ya wuce ta hagu.

Yadda zaka gwada: ka sami wani abu tsayayye a filin atisaye, ginshiƙi ko robot ɗin gwaji, ka ɗora saiti a kansa, sai ka fara tafiya gefe kana ƙoƙarin riƙe saitin a wuri ɗaya. In yana yawan zarcewa ka rage, in kana jan yatsa har ƙarshen sikirin baka cimma shi ba ka ƙara kaɗan. Kaɗan-kaɗan fa, ba tsalle ɗaya daga 80 zuwa 20 ba. In ka sami inda ya zauna maka to ka bar shi haka na sati biyu ko fiye, hannu sai ya saba yake iya aiki ba tare da tunani ba, mai canza setin kullum kullum sabon shiga ne.

Masu kwamfuta ku kashe abin nan na Windows da ke ƙara wa maus gudu gwargwadon yadda ka fizge shi, yana ɓata ma'auni. Masu waya kuma ku matsar da maɓallan harbi inda babban yatsa zai same su ba tare da ya saki saiti ba, in zaka iya koyon riƙon yatsa uku ko huɗu ya fi, dan ka iya tafiya da saiti da harbi lokaci guda.

3. San irin makamin da ke hannunka

Makaman gem ɗin nan sunayensu da yawa amma gida uku ne, kuma kowane gida da nasa saitin.

Na farko masu isa nan take, irin leza. Inda ka nuna nan take sauka, ba sai ka yi gaba da saiti ba. Amma ba a lokaci ɗaya take zuba ɓarnarta ba, tana ɗaukar ɗan lokaci tana ƙonawa, a MechWarrior Online kusan sakan guda ne ga da yawansu, saboda haka aikin shine riƙe hasken a wuri ɗaya har ya gama. In ka shafa shi daga kafaɗa zuwa ƙafa ka raba ɓarnar ne kawai, ba abin da ka karya.

Na biyu masu tafiya a iska: igwa, roket marar linzami, dunƙulen wuta irin PPC. Waɗannan sai ka lissafa inda mutum zai kai, zamu zo kansu a mataki na 5.

Na uku masu linzami, ka kulle mutum da saiti su bi shi. Kar ka ɗauka basa buƙatar basira, basirarsu ita ce sanin lokacin sakewa. In ka sake su mutum yana taku biyu daga gini to ginin ka harba. Ka jira ya fito fili sosai inda ko ya juya ba zai kai mafaka ba.

Sannan nisa. Kowane makami yana da iyakarsa, a War Robots zaka ga mita 350, 500, 600, 800 har 1100, kuma lambar nisan abokin gaba tana nan a sikirin, ka riƙa kallonta. Mutum yana mita 420 kai kana zazzage masa makamin 350, ka ƙarar da harsashi a banza kuma ka sanar dashi inda kake. A MechWarrior Online ɓarna raguwa take yi in an wuce nisan da ya dace, sannan akwai masu matsalar kusa, makamai masu linzami na dogon zango na ɓangaren Inner Sphere, ɗaya daga ɓangarorin da ke yaƙi a gem ɗin, basa aiki ƙasa da mita 180.

Gargaɗi: kar ka haɗa wa robot ɗaya makamai masu sabanin hali, ɗaya na kusa ɗaya na nesa ɗaya mai gudu ɗaya mai nawa. Saiti ɗaya gare ka, ba zai gamsar da su duka ba. Ka haɗa masu nisa ɗaya da gudun harsashi kusan ɗaya, in dole ne ka cakuɗa to ka raba musu maɓalli.

4. Kulle mutum ɗaya, ka zaɓi inda zaka daka

A MechWarrior Online danna maɓallin R dan ka kulle duk wanda kake harbi, wallahi abin takaici ne yadda mutane ke mantawa da wannan. Yana nuna maka hoton jikinsa ka ga inda sulke ya riga ya fashe, kuma yana nuna wa 'yan ƙungiyarka inda yake. Jikin robot a gem ɗin kashi-kashi ne, kai, tsakiyar ƙirji, gefen ƙirji biyu, hannu biyu, ƙafa biyu, kowanne da nasa sulken. In gefen damansa ya yi ja to can zaka zuba komai, kar ka ɓata lokaci a hannun da yake sabo. Ƙananan robot masu gudu, masu tan 20 zuwa 35, ƙafa ake nema musu, da ƙafa ɗaya ta karye gudun ya ƙare, in biyun suka tafi ya mutu. Manyan kuma masu tan 80 zuwa 100 in ka sami bayansu ka more, sulken baya siriri ne.

A gem ɗin waya matsalar daban ce, kullewar da kanta take tsallakawa daga wannan zuwa wancan in sun cunkushe. Ka koyi amfani da maɓallin riƙe kulle dan kar ka kusa gama mai sauran jini kaɗan saitin ya koma kan sabo.

5. Harba inda zai je

Wannan shine zuciyar saiti, kuma na fi so ka fahimci lissafin sau ɗaya sannan ka manta dashi hannu ya ɗauka. Misali harsashinka yana gudun mita 1000 a sakan, mutum yana mita 500, kenan rabin sakan zai yi a hanya. In robot ɗin yana gudun kilomita 100 a awa, wajen mita 28 kenan a sakan, to kafin harsashin ya isa ya matsa mita 14. Kaga in ka nuna jikinsa iska ka harba. Kamar mai jifan tsuntsu yana tashi ne, gabansa ake jifa.

Abin da zaka riƙe a kai: nisa ya ninka, tazarar da zaka bari a gabansa ta ninka. Makami mai nawa, ƙara tazara. In yana tahowa kanka kai tsaye ko yana gudu ya baka baya, babu wata tazara, daki jikinsa. In yana yankawa a karkace, rabin tazarar ta isa.

Ka auna da jikin robot ɗin kansa, ba da mita ba, dan ba wanda zai tsaya lissafi ana ruwan wuta. Ka ce a ranka faɗin jikinsa ɗaya a gaba, ka harba, ka kalli inda ya faɗa. Ya faɗa baya, ƙara zuwa biyu. Mutane da yawa basa kallon inda harsashinsu ya sauka, shi yasa suke maimaita kuskure ɗaya wasa bayan wasa.

Akwai lokuta uku da saiti yake zama kyauta, ka riƙa jiransu maimakon harbin kan mai uwa da wabi. Lokacin da ya yi tsalle, dan da ya bar ƙasa hanyar saukarsa a bayyane take, ka nuna inda zai dira. Lokacin da yake canza hanya daga dama zuwa hagu, dole ya ɗan tsaya cak a tsakani saboda nauyi. Da kuma lokacin da ya tsaya shima yana saitin wani.

Wata dabara kuma, maimakon ka riƙa bin sa da saiti kana ja, ka ajiye saitin a bakin kwanar da ka san zai fito, a daidai tsayin ƙirjinsa, ka bari shi ya shigo ciki da ƙafarsa.

Gargaɗi: in makamin mai fashewa ne kuma mutum na gudu, nuna ƙasa kusa da ƙafafunsa, ko baka same shi ba fashewar zata taɓa shi. In ka nuna sama ka kuskure, ya wuce kenan har abada.

6. Duba inda makamin yake a jikinka

Idonka yana wuri ɗaya, bakin bindigarka yana wani wurin. Zaka ga abokin gaba sarai ta saman tudu, ka harba, duk harsashin ya ƙare a cikin ƙasar da ke gabanka saboda makaman a hannu suke can ƙasa kusa da ƙugu. Robot mai makamai a kafaɗa shi ke leƙe ta saman tudu, kai da kafaɗa kawai zai nuna. Mai makamai a hannu kuma ta gefen gini yake leƙe, kuma ta gefen da makaminsa mai ƙarfi yake. In manyan bindigoginka a dama suke ka zagaya gini ta yadda dama ce zata fara fita, rabin jikinka yana ɓoye kana aiki.

A MechWarrior Online saiti biyu ne ma, da'ira ta hannu, gicciye na ƙirji, hannu ya fi saurin kaiwa. In ka harba kafin su haɗu ɓarnar ta rabu gida biyu. Sabon shiga ya bar kullen hannu, wato setin da ke haɗa saitin biyu wuri ɗaya, a kunne har sai ya saba.

7. Leƙa, harba, koma

Yanzu mun shigo kaucewa. Dokar da nake so ta zauna maka ita ce kar ka taɓa tsayawa a fili makaminka babu harsashi. Duk sakan ɗin da kake waje kana jiran lodi jini kake bayarwa kyauta. Ka fito da makami cike, ka zuba, ka koma bayan bango ka yi lodin a can.

Kuma tun kafin ka fito ka san inda zaka koma. Robot mai nauyi yana ɗaukar lokaci kafin ya tsaya ya fara ja da baya, kuma gudun baya bai kai na gaba ba a yawancinsu, saboda haka in ka fito da cikakken gudu zaka zarce taku uku ko huɗu cikin fili. Fito a hankali, ka fara ja da baya tun harsashin ƙarshe bai gama fita ba. Wani lokacin ma ya fi ka ratsa daga wannan mafaka zuwa waccan kana harbi a tsakani, ba tsayawa ba juyawa.

Ka riƙa sauraron makamin abokin gaba. Ka ji ya zazzage nasa a bango, to wannan ne lokacinka, yana lodi. Mai wayo ma da gangan yake nuna kafaɗa ya janye dan a ɓata harsashi a kansa.

Gargaɗi: kar ka leƙa ta wuri ɗaya sau uku. Na farko baka da matsala, na biyu sun lura, na uku saitin mutum uku na jiranka a wurin. Canza gefe ko ka canza ginin gaba ɗaya. Sannan kar ka manne da bango in masu roket ne a gaba, fashewa tana zagayo kwana, ka ɗan ja baya.

8. Juya ƙirji ka raba ɓarna

Wannan na masu gem ɗin da jiki yake kashi-kashi ne, kuma shi ke raba gwani da ɗan koyo. In ka tsaya kana kallon mutum ido cikin ido duk harbinsa a tsakiyar ƙirjinka yake sauka, nan injin yake, da ya fashe shikenan ko da hannuwanka da ƙafafunka sabbi ne fil. Saboda haka da ka gama harbi ka murɗa ƙirji gefe, hannu da kafaɗa su karɓi dukan, makami ya cika ka juyo ka harba ka sake murɗawa, wannan karon ɗaya gefen. In leza ake ƙona ka da ita ka riƙa karkaɗa ƙirjin tana shafar ko'ina maimakon ta huda wuri ɗaya.

Ka ba da gefen da bashi da muhimman makamai. Amma ka san injinka, injin XL na Inner Sphere, wato mara nauyin da ya shiga har gefen ƙirji, in gefen ƙirji ɗaya ya tafi ka mutu, kenan ba zaka yi garkuwa da gefe har ya ƙare ba. Kuma kar ka murɗa har ka wuce ka nuna musu baya.

9. Kowane makami da kaucewarsa

Harsashi mai tafiya: yi tafiyar gefe, ba gaba ko baya a miƙe ba, kuma ka riƙa sauya gudu. Mai saitinka lissafi yake akan cewa zaka ci gaba yadda kake, rage gudu kaɗan ko karkacewa ya isa ya ɓata masa. Amma kar ya zama dama hagu dama hagu da kiɗa ɗaya, wannan ma ana karantawa.

Masu linzami: da ka ji ƙarar gargaɗi nemi abu mai tsayi, dan da yawansu ta sama suke lanƙwasowa, guntun dutse ba zai tare su ba. Yanke ganin da ke tsakaninka da wanda ya kulle ka. In babu mafaka kuma robot ɗinka mai zabura ne, kar ka zabura da wuri su gyara hanya su biyo ka, ka bari sun kusa sannan ka fizge gefe.

Zabura da tsalle: a Armored Core VI duk zabura tana cin ma'aunin ƙarfi, in ka ƙarar dashi zaka tsaya kana jan ƙafa a gaban mutum. Ko yaushe ka bar na zabura ɗaya a ajiye. Haka a gem ɗin waya, baiwar robot ɗinka, wato ƙarfinsa na musamman da kake kunnawa, in ka ƙarar da ita wajen shiga faɗa to da me zaka fita? Ni dai ra'ayina, in ba ka tabbata zaka gama da mutum ba, ajiye ta ta gudu.

Garkuwa: a War Robots ka san kalolinsu. Shuɗiyar garkuwa tana tare harsashi da roket amma makaman wuta irin leza suna ratsa ta. Ta ƙarfe tana tare harbin da ya zo ta gaba amma fashewar roket tana taɓa mai ita, kuma gefe ɗaya take karewa, dole ka fuskantar da ita inda wutar take. Mai ruwan ɗorawa tana tare komai har sai ta ƙare. In kaga mai launin shunayya ka daina harbi ka jira ta sauka, harsashinka kawai take sha.

10. Zafi

A MechWarrior Online harbi yana tara wa robot zafi, in zafin ya cika robot kashe kansa yake, ka tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili. Kar ka danna komai lokaci ɗaya in ma'aunin ya haura, harba rukuni ɗaya, ka huce a bayan mafaka.

11. Kar ka zama kai kaɗai ake gani

Duk iya murɗa ƙirjinka, in mutum huɗu suka haɗu a kanka ba dabarar da zata cece ka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. War Robots shida da shida ne, MechWarrior Online sha biyu da sha biyu, kenan ko yaushe akwai idon da baka gani ba. Ka riƙa duban ƙaramar taswira duk lokacin da kake lodi. Ka tsaya ta yadda mutum ɗaya ne kawai zai iya ganinka a lokaci guda, gini ya rufe ka daga sauran. Ka fito tare da 'yan'uwanka, ku daki mutum ɗaya, amma kar ka tsaya daf da bayan naka, zai ja da baya ya ci karo da kai a kashe shi a banza.

12. Atisaye da maganar kuɗi

Kafin ka shiga wasan gaske ka ba filin gwaji minti goma. Ka zagaya robot ɗin gwaji kana riƙe saiti a gaɓa ɗaya, sannan ka yi leƙa-harba-koma a kwana har ka daina zarcewa. Ka riƙe robot ɗaya da makami iri ɗaya na ɗan lokaci, dan kowane canji sabon gudun harsashi ne da hannu zai sake koya. In wayarka tana ɗaukar bidiyon sikirin ka ɗauki wasa ɗaya ka kalli sakan goma kafin kowace mutuwa, ka duba ina ka tsaya, mutum nawa ke ganinka, makaminka cike yake ko babu komai.

Yawancin gem ɗin nan kyauta ake shiga amma zasu yi ta turo maka tayin sabon robot. Gaskiya a wasu, musamman na waya, kuɗi yana ƙara ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai in ka sayi babban kaya ka hau matakin da gwanaye suke alhali saitinka bai nuna ba, wahala zaka ƙara wa kanka. Kuɗin cikin gem ɗin da kake tarawa ka zuba su a makamai biyu ko uku da ka iya, kar ka watsa su akan komai. In kuma da gaske zaka kashe kuɗin aljihu, fara da iyafis mai kyau da zaka ji takun robot da ƙarar kulle ta wane gefe suke zuwa, sai maus mai sauƙi da faffadan abin ɗora shi ga masu kwamfuta, masu waya kuma safar yatsa saboda gumi da ƙaramar fankar sanyaya waya.